Gobarar Buncefield da Tarihin Haɗa Hannun Hukumomi a Birtaniya

Tsarin da Birtaniya take bi wajen haɗa hannun hukumominta idan babbar gobara ta tashi a ma'ajiyar mai an gina shi ne a hankali cikin shekaru fiye da sittin, kuma kusan kowane ɓangarensa ya samo asali daga wata masifa da ta tona raunin tsarin da ya gabace shi. Babbar jarrabawar da wannan tsari ya fuskanta ita ce gobarar daffon Buncefield da ke gefen garin Hemel Hempstead a gundumar Hertfordshire, arewa da birnin Landan, wadda ta tashi ranar Lahadi 11 ga Disamba, 2005, ta kuma ci gaba da ci har kwana biyar. Abin da ya sa wannan gobara ta cancanci nazari ya wuce girman wutar, domin ita ce ta nuna cewa aikin da ya fi wuya a irin wannan rana shi ne a san wanda zai yanke shawara idan maslahar hukumomi ta ci karo, kuma a san bayanin da zai dogara da shi wajen yanke ta.

Tushen tsarin

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, aikin kashe gobara a Birtaniya yana hannun ƙananan hukumomi ne, kowace da rundunarta ta 'yan kwana-kwana, da muƙamanta, da kayan aikinta, har ma akan sami bakin mesar wani gari ya ƙi shiga famfon wani. A ranar 19 ga Agusta, 1940, jiragen yaƙin Jamus suka jefa bama-bamai a kan tankunan man rundunar sojan ruwa da ke Llanreath kusa da Pembroke Dock a yankin Wales, wutar ta yi kwana 18 tana ci, aka tattaro ma'aikata kimanin 650 daga runduna 22, kuma biyar daga cikin waɗanda suka zo daga Cardiff suka rasa rayukansu. Wannan gobara, tare da ruwan bama-baman da ya biyo baya a kan Landan da sauran birane, ta sa gwamnati ta haɗe rundunoni kimanin 1,600 a watan Agusta na 1941 suka zama hukumar kashe gobara guda ta ƙasa. Bayan yaƙi, a 1948, aka mayar da aikin hannun gundumomi da manyan birane, sai dai an riƙe darasi ɗaya, wato daidaita kayan aiki da horo, da kuma wajabcin rundunoni su taimaki juna idan abu ya fi ƙarfin ɗaya.

Ɓangare na biyu ya fito ne daga haɗurran masana'antu. Fashewar masana'antar sinadarai ta Flixborough a ranar 1 ga Yuni, 1974, wadda ta kashe mutum 28, ta zo a daidai lokacin da ake kafa dokar lafiya da kariya a wurin aiki, wadda ta haifar da hukumar HSE mai sa ido a kan haɗurran wuraren aiki a 1975. Shekara biyu bayan Flixborough, guba ta tsiyaye daga wata masana'anta a Seveso ta ƙasar Italiya, abin da ya kai ga umarnin Tarayyar Turai na 1982 mai ɗauke da sunan garin. Birtaniya ta mayar da wannan umarni dokarta a 1984, sannan ta sabunta shi a 1999 da ƙa'idojin da ake kira COMAH, wato ƙa'idojin shawo kan manyan haɗurra. A ƙarƙashinsu, duk kamfanin da ke ajiye abu mai haɗari fiye da wani adadi dole ne ya rubuta rahoton kariya ya kuma tanadi shirin gaggawa na cikin harabarsa, ƙaramar hukuma kuma ta tanadi shirin abin da za a yi a wajen harabar, yayin da HSE da Hukumar Muhalli suke sa ido tare.

Ɓangare na uku, wato tsarin ba da umarni, daga 'yan sanda ya fito. Bayan tarzomar unguwar Broadwater Farm a Landan a watan Oktoba na 1985, inda aka kashe ɗan sanda Keith Blakelock, 'yan sandan birnin suka tsara matakai uku da suka raɗa wa suna Zinariya da Azurfa da Tagulla. Matakin Zinariya shi ne na manyan shugabanni waɗanda suke zama nesa da wurin da abin ya faru, suna tsara manufa suna samo kayan aiki. Na Azurfa shi ne na masu juya manufar ta zama dabarar aiki. Na Tagulla kuwa shi ne na masu jagorantar ma'aikata a bakin daga. Hikimar tsarin ita ce aiki ne ke ba mutum matsayinsa a ranar, ba girman muƙaminsa ba, kuma sannu a hankali 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motocin asibiti da ƙananan hukumomi suka karɓe shi.

Abin da ya rage shi ne doka da za ta ɗaure waɗannan ɓangarori wuri guda, domin dokokin da ake da su, na 1920 da na 1948, an yi su ne don yajin aiki da kuma harin abokan gaba. Zanga-zangar tsadar mai ta watan Satumba na 2000, da ambaliyar ruwa ta ƙarshen wannan shekara, da annobar cutar baki da kofato da ta afka wa dabbobi a 2001, sun nuna cewa gwamnati ba ta da hannu guda da take riƙe al'amuran gaggawa da shi. Saboda haka aka kafa sakatariyar al'amuran gaggawa a Ofishin Majalisar Ministoci a 2001, sannan aka zartar da dokar al'amuran gaggawa ta 2004. Dokar ta raba masu kai ɗauki gida biyu: rukunin farko ya ƙunshi 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motocin asibiti da ƙananan hukumomi da hukumomin lafiya da Hukumar Muhalli, waɗanda aka ɗora wa nauyin auna haɗari da yin shiri da gargaɗin jama'a, rukuni na biyu kuwa ya ƙunshi kamfanonin ruwa da lantarki da sufuri da kuma HSE, waɗanda aka wajabta wa ba da haɗin kai da bayani. A kowane yanki na rundunar 'yan sanda aka kafa zauren da waɗannan hukumomi za su riƙa haɗuwa tun kafin wani abu ya faru, bisa fahimtar cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Akasarin waɗannan wajibai sun fara aiki ne a tsakiyar Nuwamba na 2005, ƙasa da wata guda kafin gobarar Buncefield.

Daffon da daren fashewa

An buɗe daffon Buncefield a 1968, kuma zuwa 2005 shi ne na biyar a girma cikin ma'ajiyun mai na ƙasar, yana iya ɗaukar lita kusan miliyan 270. Bututu uku ne suke kawo masa mai daga matatun da ke nesa, shi kuma yana ciyar da gidajen mai na Landan da kudu maso gabashin Ingila da motocin dakon mai, yana kuma tura man jirgin sama ta bututu zuwa filin jirgi na Heathrow. Kamfanoni da dama ne ke aiki a harabar, kuma ɓangaren da wutar ta fara yana hannun kamfanin HOSL, wanda Total ke da kashi 60 cikin ɗari a ciki, Chevron kuma kashi 40. Lokacin da aka gina daffon akasarin kewayensa fili ne, amma da tafiya ta yi nisa sai unguwar masana'antu ta Maylands ta faɗaɗa har ta zo jikin shingensa, da kamfanoni fiye da 600 da ma'aikata fiye da 16,000.

Da misalin ƙarfe 7 na yammacin Asabar aka fara ɗura fetur a tanki mai lamba 912, wanda ke ɗaukar lita miliyan 6. Wajen ƙarfe 3 na dare ma'aunin da ke nuna inda mai ya kai a cikin tankin ya maƙale, ya ci gaba da nuna adadi ɗaya alhali mai yana ta shiga, kuma bincike ya gano daga baya cewa wannan ma'auni ya maƙale sau 14 tun ƙarshen Agusta ba tare da an magance matsalar daga tushe ba. Akwai wani makunni na daban a saman tankin wanda aikinsa shi ne ya tsayar da ɗurin idan mai ya kai maƙura, amma shi ma bai yi aiki ba, domin yana buƙatar a ɗaure hannun gwajinsa da kwaɗo kafin ya zauna daidai, kuma waɗanda suka kafa shi da masu amfani da shi ba su fahimci haka ba. Bayan ƙarfe 5 na asuba fetur ya fara kwarara ta rufin tankin, kimanin tan 300 suka zube, kuma da yake iska a tsaye take ga sanyi, sai tururin man ya kwanta a ƙasa kamar hazo, ya haura katanga ya bazu har wurin ajiye motocin kamfanonin da ke maƙwabtaka. Da ƙarfe 6:01 tururin ya kama, masu bincike kuma sun fi karkata ga cewa tartsatsin ya fito ne daga ɗakin famfon kashe gobara na daffon, wanda ya tashi bayan an danna ƙararrawa. Na'urorin auna girgizar ƙasa sun nuna 2.4 a ma'aunin Richter, manyan tankuna fiye da 20 suka kama, mutum 43 suka ji rauni, kuma ba wanda ya mutu, abin da kowa ya yarda cewa ya faru ne saboda asubar Lahadi ce ofisoshin Maylands suna rufe.

Yadda aka gudanar da ɗauki

Cikin 'yan mintoci aka ayyana lamarin a matsayin babban haɗari, kalmar da a tsarin Birtaniya take nufin cewa kowace hukuma ta buɗe shirinta na musamman. Matakin Zinariya ya zauna a hedikwatar 'yan sandan Hertfordshire da ke Welwyn Garden City ƙarƙashin jagorancin 'yan sanda, kamar yadda al'ada ta tanada, kuma a teburin akwai rundunar kashe gobara da Roy Wilsher ke shugabanta, da hukumomin lafiya, da Hukumar Muhalli, da majalisar gundumar, da ƙaramar hukumar Dacorum wadda garin yake ƙarƙashinta. Waɗannan hukumomi ba baƙin juna ba ne, domin haɗurran jirgin ƙasa na Hatfield a 2000 da na Potters Bar a 2002 duk a gundumar suka faru, kuma sun riga sun koya musu aiki tare. An kwashe mutum kimanin 2,000 daga gidajensu, aka rufe wani dogon sashe na babbar hanyar M1 da ke haɗa Landan da arewa har dare, aka shawarci jama'a su zauna a gida su rufe ƙofofi da tagogi, sannan washegari aka rufe makarantu fiye da 200. Mataimakin Firaminista John Prescott, wanda ma'aikatarsa ke kula da harkar kashe gobara a lokacin, ya ziyarci yankin ya kuma yi wa Majalisar Dokoki bayani ranar Litinin, amma ragamar aiki ta ci gaba da zama a gundumar, gwamnatin tsakiya tana tallafawa da kayan aiki da kuma daidaita rabon mai a ƙasa.

Matsala ta farko ita ce kayan aiki. Wutar mai ba a kashe ta da ruwa zalla, domin mai yana tasowa saman ruwa ya ci gaba da ci. Ana haɗa ruwa ne da wani sinadari mai yin kumfa, a shimfiɗa kumfar a kan man ta raba shi da iska, kuma dole a zuba ta da yawa ba yankewa, in ba haka ba zafi ya cinye ta a koma farko. Shirin da aka yi wa daffon ya ɗauka cewa mafi munin abin da zai faru shi ne tanki ɗaya ya kama, ga shi kuma fashewar ta lalata famfunan daffon tun a minti na farko. Don haka aka shafe ranar Lahadi ana tattaro kumfa daga rundunonin ƙasar da matatun mai da masu sarrafa ta, tare da ƙwararrun ma'aikatan kashe gobara na kamfanonin mai. Ruwa kuwa an jawo shi ne daga wani tafki mai nisan kimanin kilomita 2, ta hanyar manyan famfunan da gwamnati ta saya ƙarƙashin shirin da ta ƙaddamar bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, ta rarraba wa rundunoni daban-daban domin a haɗo su idan buƙata ta taso.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin a nan ne maslahar hukumomi ta rabu. Idan aka bar wutar ta cinye man da kanta, hayaƙi zai ci gaba da turnuƙe sararin kudancin Ingila na tsawon kwanaki, tankunan da suka tsira su shiga haɗari, hanyoyi da makarantu da kasuwanci su ci gaba da zama a rufe. Idan kuma aka afka mata da kumfa, miliyoyin litoci na ruwa gauraye da mai da sinadari za su taru a wurin da ke zaune a kan dutsen alli, wanda yake tsotse ruwa ya adana shi, kuma daga cikinsa ake haƙo ruwan shan yankin. Wani ɓangare na kumfar yana ɗauke da sinadarin PFOS, wanda ba ya ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Saboda wannan tsaka mai wuya aka ɗage harin da aka shirya kaiwa cikin daren Lahadi, har sai da aka amince da yadda za a tare ruwan da aka yi amfani da shi, sannan aka fara da safiyar Litinin. A lokacin da aikin ya kai ƙololuwa akwai ma'aikata kimanin 180 a bakin wutar. An janye su na wani lokaci ranar Litinin saboda fargabar fashewar wani tanki, an ci ƙarfin akasarin wutar ranar Talata, wata ta sake tashi ranar Laraba aka bar ta ta ci a ƙarƙashin kulawa, kuma ranar Alhamis 15 ga wata aka kashe ta ƙarshe. An yi amfani da sinadarin kumfa fiye da lita 700,000 da ruwa fiye da lita miliyan 50.

Fargabar Hukumar Muhalli game da gurɓatar ruwan ƙasa ta tabbata, domin katangun kankare da aka kewaye tankunan da su don tare mai idan ya zube sun yoye ta mahaɗarsu da ta ramukan da bututu ke ratsawa, bayan zafi ya narkar da abin da aka liƙe su da shi. Mai da ruwan kumfa suka sami hanyar shiga ƙasa, kamfanin ruwa na yankin ya rufe wata rijiyar burtsatse da ke kusa, kuma aka kwashe miliyoyin litoci na gurɓataccen ruwa aka adana har aka sami hanyar tace shi. Ta fuskar hayaƙi kuwa yanayi ne ya yi rana, domin zafin wutar ya cilla shi sama sosai, iskar da ke kwance a ƙasa kuma ta hana shi saukowa, saboda haka gurɓatar da aka auna a inda mutane ke shaƙa ba ta yi tsanani ba. Sai dai a sa'o'in farko shugabannin da ke matakin Zinariya ba su da hukuma guda da aka ɗora wa nauyin auna iska ta ba su amsa, bayanai suna zuwa ne daga hukumar hasashen yanayi da hukumar kare lafiya da wasu masana daban-daban, kuma a kan irin wannan bayani aka yanke shawarar rufe makarantu.

Abin da ya biyo baya

Kashe wuta bai kawo ƙarshen aikin ba. Filin jirgi na Heathrow ya shiga rabon mai da awo, har wasu jiragen dogon zango suka riƙa yada zango a wani wuri don ƙara mai. Kamfanoni da dama a Maylands sun rasa gine-ginensu, ciki har da Northgate mai adana bayanan kwamfuta na wasu hukumomi, da kamfanin ASOS wanda rumbun kayansa ya lalace ana gab da Kirsimeti. Iyalai kuma suka daɗe a masaukin wucin gadi. An ƙiyasta asarar baki ɗaya a kusan fam biliyan 1. Nauyin farfaɗo da yankin ya faɗa kan ƙananan hukumomi, kuma a nan aka ga cewa dokar 2004 ta fi ƙarfi a kan ranar masifa fiye da watannin da ke bin ta.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Newton na Braintree, wanda ya fitar da shawarwarinsa a kan shirin gaggawa a 2007 da rahotonsa na ƙarshe a Disamba, 2008. Kwamitin ya buƙaci masu daffo da ƙananan hukumomi su riƙa yin shiri bisa fashewar tururi da gobarar tankuna da yawa a lokaci guda, a kuma fayyace ministan da zai ɗauki nauyin farfaɗo da yankin da masifa ta shafa. Binciken kimiyya ya nuna cewa bishiyoyi da ciyayin da ke gefen hanyoyin daffon sun taimaka wajen hanzarta harshen wutar har ya zama fashewa mai ƙarfi, abin da masana ba su zaci tururin fetur zai yi a fili ba. Daga nan aka samar da rukunin masana guda da ke ba matakin Zinariya shawarar kimiyya da murya ɗaya, aka ɗora wa Hukumar Muhalli jagorancin auna iska a lokacin babbar gobara, aka wajabta na'urar tsayar da ɗuri mai aiki da kanta a manyan tankunan fetur, sannan HSE ta tsaurara shawararta a kan gine-gine cikin mita 150 daga irin waɗannan ma'ajiyu. A 2009 babbar kotu ta ɗora wa Total alhakin biyan diyya, a watan Yuli na 2010 kuma kotun St Albans ta ci kamfanoni biyar tara da kuɗin shari'a na kusan fam miliyan 9.5.

Tarihin ya nuna cewa tsarin matakai uku da ƙa'idar barin jagoranci a hannun yanki sun tsaya da ƙafarsu a Buncefield, kuma inda aka sami giɓi shi ne a hasashen da aka gina shirin a kansa, da hanyar kai ilimin masana teburin shawara, da kuma ɗaukar nauyin jama'a bayan motocin kwana-kwana sun koma gida. Cewa darasin bai isa ko'ina da wuri ba ya bayyana a watan Oktoba na 2009, lokacin da tururin fetur ya fashe a ma'ajiyar mai ta kamfanin CAPECO a Puerto Rico bayan wani tanki ya cika ya tumbatsa, sannan bayan kwana shida ya fashe a daffon kamfanin Indian Oil da ke Jaipur ta ƙasar Indiya, inda aka rasa rayuka fiye da goma kuma wutar ta wuce mako guda tana ci.